Bonet ɗin Dalyop

Ruwa ya kwana yana zuba a Dilimi,
na buɗe garwar rezin, ta yi kauri kamar zuma.
Dalyop ya turo akori-kurarsa da sassafe,
tsatsa ta cinye bonet, ta ramin kana hango inji.
Dankali yake ɗaukowa daga Bokkos,
hanyar da ba ta san tausayin ƙarfe ba.

Ya ce, "Nawa?" Na ce, "Wanne?"
Garwa biyu gare ni a ƙarƙashin benci.
Foliyesta mai araha, warinta har maƙogwaro,
ta kama da wuri, ta tsuke in ta bushe,
in rana ta dake ta shekara uku sai ta yi tsaga.
Ifoksi kuwa 'yar sarauta ce,
ba a yi mata gaggawa, ba a auna ta da ido,
kuɗinta buhu huɗu ne na dankalinka.

Ya sosa ƙeya, ya lissafa kuɗin makaranta.
Ya ce, "Ba ni mai arahar."

Na goge mazubi da kakin zuma sau biyar,
na shimfiɗa faiba, fara sol, mai ƙaiƙayi,
na bi ta da buroshi, na bi ta da rola,
ina korar iska kamar mai korar kaji daga shanya.
Yarona Tanimu ya ce mu rufe da leda,
mu sa inji ya zuƙe, kamar yadda ya gani a Legas.
Na nuna masa fitila. Yau kwana uku babu wuta.

Sanyi ya hana ta kamawa.
Nan na yi abin da maigidana, marigayi Baba Gyang,
ya taɓa marina a kansa:
na ƙara ɗigon maganin daskarewa fiye da ƙa'ida.
Kafin la'asar kofi ya yi zafi, ya yi hayaƙi,
bonet ya lanƙwashe kamar ganda a wuta.

Ban kira Dalyop ba.
Na janyo garwa ta biyu, na auna da sikeli,
na kunna gawayi nesa kaɗan, na zauna gadi.
Da gari ya waye na ƙwanƙwasa, ta amsa kamar ƙwarya.

Ya biya kuɗin mai araha, ya tafi yana murna.
Hannuna har yanzu ƙaiƙayi yake.