Kaki ko Kitse

A Ningi, bayan rumbun Kawu Barau,
dalma ta narke a tsohon ludayin ƙarfe,
ta huce, harsashi bakwai kan faifai.

Sai ya tsaya tsakanin gwangwani biyu.
Kakin zuma akwai tauri,
ba ya zuba a burgame ko rana ta ƙwalle,
amma yakan bar cikin bindiga da ƙishi.
Kitsen rago kuwa laushi,
yana bin ƙarfe har baki,
sai kwasar yashi da jiƙa albarushi.

Mugun dawa ya tone masa rogo daren jiya.

Ya gutsuro wannan, ya lakato wancan,
ya murza su a tafin hannu.
"Haka Ladiyo ta iya zama da ni," in ji shi.