Tanderu Na Huɗu

Ku matso, ku sa hular kwano.
Ba wai wani abu zai faɗo ba,
sai dai tsatsa ba ta da alƙawari.
Sunana Odell Whitlow.
Shekara goma sha tara na yi ina ciyar da dodon nan,
yau ni ke yage tikitinku a bakin ƙofarsa.

Kakana daga Alabama ya zo a jirgin ƙasa,
da akwatin kwali ɗaure da igiya,
da tabon ƙayar auduga a yatsu.
Ya tarar da Hrabovsky, ɗan Sulobakiya.
Ba sa jin bakin juna,
amma zafi ba ya neman tafinta.
A gindin bututun can suka raba burodi da albasa
har furfura ta cim musu.

A zamanin nan dare bai san hanyar garinmu ba.
Sama ja take kwana, kamar idon da ya sha kuka.
Kogin Monongahela na tafe da dakon kwal,
jiniya ke tashinmu, jiniya ke sallamarmu.
Uwata ta shanya farin zanen gado da hantsi,
kafin rana ta raba ya koma toka.
Ba ta taɓa tsaki ba.
Cewa take, ranar da wanki ya bushe fari fat,
ranar tukunya za ta kwana a kife.

Bakinta kuwa ya kama.

Wata Juma'a ce, ana yayyafi.
Takarda guda aka manna a ƙofa,
layi huɗu, ko sa hannun kirki babu.
Mu dubu uku muka tsaya muna karanta ta
kamar za ta sake magana.
Shirun da ya biyo baya
ya fi ƙarar injin cika kunne.

Mai aski ya rufe. Mai gidan rawa ya rufe.
Cocin su Hrabovsky ya sayar da ƙararrawa.
Maƙwabcina ya ba da gidansa a kuɗin tsohuwar mota,
ɗana Lamont ya bi aiki Houston,
jikokina a waya na san muryarsu.

To, yanzu ku ɗaga kai.
Bishiyar can da kanta ta tsiro a maƙogwaron tanderu.
Barewa na kiwo inda narkakken ƙarfe ya malala.
Amare na zuwa ɗaukar hoto,
wai tsatsa na fito da farin kaya.
Can ƙetare asibiti ne, da jami'a,
yara na koya wa mutum-mutumi tafiya
a rumbun da muke ajiye safar hannu.
In kun fita, ku hau tsohon keken da ke jan ciki kan dutse,
ku ƙirga gadoji har ku gaji.
Kifi ma ya dawo kogi, na kama biyu ran Lahadi.

Jiya wata yarinya mai jan takalmi
ta ja min riga, ta ce, kaka, kana kewarsa?
Na buɗe baki, tari ya riga ni,
tarin da ya ba ni guzuri.

Da na koma gida na kwashe shanya.
Fari fat.
Na daɗe a tsaye da shi a hannu.