Marmara

Kawu Jatau ya shekara arba'in yana haƙa rijiya.
Sai da gwiwa ta ƙi shi
ya ce in kai shi kan Goron Dutse.
Muka hau bayan la'asar,
shi a gaba da sanda, ni a baya da takalmansa.

Bai ko dubi birni ba.
Ga Dala can ta yi zaman raƙumi,
ga rufin kwano ya malala har inda ido ya gaji,
shi kuwa ya durƙusa yana ƙwaƙular ƙasa da farce.

"Marmara ce. Ka ga ramukan, kamar saƙar zuma?
A Kabuga sai na yi gaba shida nake tarar da ita,
ta cinye mini bakin diga uku.
Nan ga ta a fili ko mayafi babu.
Ba dutsen ne ya tashi ba, yaro,
ƙasa ce ta zare jiki ta bar shi.
Damina ta kwashe mai laushi,
mai taurin kai ya saura."

Ya ɗora mini tsakuwa a tafi,
ja, ta fi girmanta nauyi.
Tama. Ya ce in lasa.
Ɗanɗanon ranar da na fara famfara.

Ta yamma muka iske tarin duwatsu,
bai kai ƙugu ba,
ƙadangare a bisa yana gyaɗa kai
kamar an ba shi ajiya.
Na ce kabari ne? Ko iyaka?
Ko maƙeran da ne suka bar shaida
kafin wutarsu ta mutu?

"Ban sani ba.
Amma dubi manya a gindi,
ƙanana an cusa su a tsaga.
Wanda ya yi wannan ya san ruwa na zuwa.
Mai hannu ne."

Ɗaya ya gangaro tun ba a haife mu ba,
har ciyawa ta yi masa gida.
Kawu ya ɗauka, ya juya, ya sake juyawa,
sau huɗu,
sai dutsen ya zauna
da ƙaramar ƙara, irin ta murfi a bakin tulu.

Ladanan magariba suka taso daga ƙasa,
wani na cin wutsiyar wani.
Ya karkaɗe hannu a riga,
jan bai fita ba.
"Miƙo takalman," in ji shi.
"Saukar ta fi wuya."