Riga Mai Lamba Tara

Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin kaya,
ni ke wanke riguna in shanya a waya,
sha biyu ne, kore da ratsin rawaya.
Shekara bakwai ina ƙirga su a Dang,
ko ɗaya ba ta taɓa ɓata ba.
Masu sa su ne ba sa zama.

Lamba tara ta hau mutum huɗu.
Taiwe ne farko, dogo ɗan Yagwa,
sai ya rusuna yake shiga ƙofa.
Wani kulob a Duwala ya yi masa waya,
ya bar mini takalmi ƙafa ɗaya
da bashin tsire, sefa ɗari biyar.
Sai Yawuba bahago, mai jifa daga nesa,
ubansa ya zo da kansa:
“Karatu na aiko ka, ko tsalle?”
Allaramaji ɗan Mundu ya gaje ta,
kuɗin rajista suka yanke masa,
ya tafi hutu, har yau yana hutu.
Na huɗun ban riƙe sunansa ba.
Sati uku. Ko gumi rigar ba ta ƙoshi ba.

Jirgin ƙasan yamma ne babban abokin karawarmu.
Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba,
amma duk shekara shi ke cinye mu.
Daga nan ba a jin kukansa,
sai dai in lokacin tashinsa ya yi
Koci Hamajoda yakan dubi agogo,
ya dubi benci, ya sake ƙirga kawuna.

Kowace Oktoba daga baƙi yake farawa:
ga tsayuwa, ga miƙawa, ɗaga kai, yaro, ɗaga kai!
Ya zana dabara da alli a kan siminti,
ruwan Gaundare ya sauko ya wanke.
Ya sake zanawa.
Ranar da suka fara gane juna ba da magana ba,
ranar wani zai ce, “Koci, ina son ganinka.”

Ba waliyyi ba ne.
Na ga ya yi wa yaro tsawa har ya zub da hawaye,
na ga ya jefi allo da usur.
Na kuma gan shi da dare wajen mai fanke da wake
yana biya wa bakwai, yana cewa ya ci a gida.
Ƙwayar hawan jini na aljihun hagu,
ni na sani, don ni ke wanke wandon.

Litinin darakta ya kira shi bene,
na bi shi da takardar ƙwallayen da suka fashe.
“An ci ku biyar a jere.
Gasar jami'o'i saura wata biyu.
Akwai wani matashi a Yawunde,
takardunsa ma daga waje suke.”
Koci ya ce, “Ranka ya daɗe,
ina ɗinki, ana zare mini zare ta baya.
A ba yaran gado, a ba su abinci.”
Darakta ya dubi fanka.
“Kasafi bai iso ba.”
Tawa takardar ban ma miƙa ba.

Da la'asar sai ga wani siriri,
Sodeya, daga Maiganga,
ƙafa ba safa, ido kamar na mai jin yunwa.
Ya jefa uku, biyu suka shiga.
Ya leƙo ɗakina ya nuna tara.
Na ce wannan ba ta riƙe mutum.
Koci na bakin ƙofa, ya ce, “Ba shi.”

Ta yi masa yawa, kafaɗa na zamewa.
Na ɗauko almakashi.
“A'a,” in ji Koci, “kar ka yanka.
Ninke ta ciki, ka ɗan kama da zare.
Ba mu san tsawon mai zuwa ba.”

Ya juya, ya busa usur.
Ban tambaye shi ba ko shi ma
haka aka kama tasa rigar.