Ƙarshe na Gaske

Sun ce gajimare ne.
Ni da makullin ke hannuna na san ɗaki ne,
ƙarƙashin tsangayar kimiyya, matakala ashirin da biyu,
inda injuna ke huci dare da rana
kamar majinyacin da aka hana shi cikawa.

A waje Oulu ta daskare.
Ƙarfe uku na yamma duhu ya riga ya baje,
ɗalibai na tura kekuna cikin ƙanƙara,
ni kuwa a nan ƙasa na tuɓe rigar sanyi,
ina zufa
da zafin abin da ba wanda ya buɗe
tun shekara goma sha ɗaya.

Ran Litinin Madam Rautio ta dire takardar kuɗin wuta a teburina.
Ko zama ba ta yi ba.
Da farce ta ja layi ƙarƙashin lambar,
ta ce, "Eelis, kafin bazara a rage rabi."

To, na ɗauki tsintsiyar da ba ta ta da ƙura.

Hoton allo guda, an adana shi sau ɗari huɗu.
Gayyatar walimar wani da ya yi ritaya,
ya tafi, ya rasu, gayyatar na nan tana jiran amsa.
Kundin digiri mai suna "ƙarshe",
ƙaninsa "ƙarshe na gaske",
autansu "ƙarshe na gaske, na rantse, na biyu".
Da yayyafi kogi kan cika.
Kowa ya ce nasa bai taka kara ya karya ba,
kowa ya ce wata rana zai nema.
Wata ranar nan ita ke shan wutarmu.

Na rubuta wa malamai.
Tara suka amsa, bakwai da faɗa.
Wani masanin duwatsu ya sauko da ƙafarsa,
gemu na rawa, wai in taɓa nasa in gani.
Na buɗe masa. Ya duba, ya sake dubawa,
ya ce, "Wannan tarkacen na waye?"
Na ce, "Sunanka ne a kai."
Da hannunsa ya goge,
ya tambaye ni ko akwai sauran kofi.

Ran Alhamis na iso jakar Farfesa Kaarina Tervo,
wadda aka binne kaka biyu da suka wuce.
Awo, jadawali, awo, kwafin kwafin awo.
Yatsana ya saba, yana sauka kafin ido ya karanta.
Sai ga wani ɗan fayil, minti huɗu,
ba suna, lamba kawai.
Na sa a kunne.

Ƙanƙarar teku ce ke tsagewa,
gunji mai nisa, kamar ƙasa na miƙa bayan dogon barci.
Sai numfashinta daf da na'urar,
sai muryar yaro: "Mama, ƙafata ta yi sanyi."
Ta ce, "Yi shiru. Saurara.
Bazara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa."

Na janye hannuna.

Ba ya cikin ƙa'ida.
Ba bincike ba ne, ba mujallar da ta ambace shi.
Na bi diddigin yaron:
yanzu direban jirgin ƙasa ne a Kemi.
Na tura masa, na jira kwana ɗaya da wuni,
ya rubuto: "Ya iso."
Kalma biyu. Mu nan ba mu cika surutu ba.
Sannan na goge namu.

Ran Juma'a na kashe injuna uku na jikin bango.
Fankokinsu suka ɗan ci gaba da juyi
kamar ba su yarda ba,
suka tsaya.
Ɗakin ya sauke numfashi.
Karon farko cikin shekara shida
na ji ɗis, ɗis, daga can lungu.
Ashe tuntuni famfo ke yoyo, hayaniya ta rufa masa asiri.

Na mai da rigar sanyina,
na rubuta a tafin hannu:
Litinin, a kira mai gyaran famfo.