Tokar da Nake Ɗauka

Ni ne Budhram, ɗan Phulmati,
direban tifa a tashar lantarki ta hayin kogi,
can ƙasar Indiya, inda tsaunukan kwal suka fi na Allah tsawo.
Shekara sha ɗaya ke nan ina jigilar toka.
Kwal yakan shigo baƙi ƙirin a jirgin ƙasa,
tarago hamsin, wata rana fiye,
ya fita ta hannuna fari fat,
da laushi kamar garin tuwo,
garin da ba a tuƙawa, ba a ci.

Dogayen bututun nan uku
ba su taɓa barci ba, balle a ce sun tashi.
Inna takan share tsakar gida sau uku a yini,
ta wanke ɗaɗɗoyar da ta shuka a bakin ƙofa
ganye-ganye, kamar mai wanke fuskar jinjiri.
In ta shanya farin zane da hantsi,
kafin la'asar ya tsufa.
Mangwaron kakana yana fure har yau,
amma 'ya'ya, sai dai labari.

'Yata Sukwara tana da shekara tara.
A ƙirjinta akwai wani ɗan usur
da ke busa kansa da tsakar dare.
Nakan zauna in ƙirga mata numfashi,
in sayi magani da kuɗin tokar
da ta sa ake neman maganin.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Sai ga damina ta bara.
Kwana huɗu sama ba ta ɗauke ba.
A dare na biyar muka ji wata ƙara
wadda ba tsawa ba ce.
Madatsar tafkin toka ta ɓalle.
Abin ya gangaro kamar kunu mai kauri,
bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba,
ya sha gonar shinkafar Inna,
ya sha rijiya,
ya sha ɓaunar Dhaniram tana ɗaure a turke.
Da gari ya waye, ƙauye ya yi furfura.

Mutanen ofis suka zo da takalman roba da igiyar awo.
Suka auna tsawo, suka auna faɗi,
ba wanda ya auna shekara arba'in
da Inna ta yi tana sunkuye a wurin.
Suka ce diyya na tafe.
Tana tafe har yanzu; wataƙila a ƙasa take tahowa.

Ran Litinin aka kira sunana:
tifa mai lamba bakwai, kwasar toka, gonakin yamma.
Gonarmu ke nan.
Sawu ashirin da shida na yi,
aka biya ni har da kuɗin ƙarin lokaci.
Inna tana tsaye a kan kunya, ba ta ce uffan ba.
A sawun ƙarshe ta miƙo mini ruwa a kofin ƙarfe,
ta rufe bakinsa da tafin hannu
don kada abin ya faɗa.

Ba zan yi ƙarya ba:
ƙwan lantarkin ɗakinmu daga tashar yake sha.
A ƙarƙashinsa Sukwara take haɗa baƙi,
tana karanta mini abin da ban iya ba.
An ce wayar nan ta kai birane masu nisa,
inda wata ke haihuwa a ɗaki mai haske.
Ban ƙi su ba. Allah ya raya.
Ina dai so, in sun danna makunni,
su san akwai inda duhun yake zuba.

Jiya na ga Inna ta cika gwangwanin madara
da ƙasar da ta roƙo daga ƙauyen ƙanwarta,
ta binne ƙwayar shinkafa bakwai,
ta ajiye a ɗaki, bayan ƙofa,
ta rufe taga.