Daren da Babu Wata a Komakiyo

Kakana Ermete ya ce a bar fitila a gida.
Angwila ba ta tashi sai wata ya mutu,
sai iskar Nuwamba ta dama ruwan fadama.

Shekara goma sha biyar tana kwance a laka,
tana cin tsutsa, ba ruwanta da kowa.
Yau cikinta ya koma azurfa,
idanu sun firfito kamar na mai zazzaɓi,
hanji ya ƙanƙance.
Ta gama cin rabonta.

A shingen kara muka tare su,
santsi bisa santsi, suna murɗawa.
Ya ciro wata mai kaurin damtsena,
ya daɗe yana dubanta,
ya wurga ta bayan shinge, wajen teku.

"Don me?"
"Tafiyarta da nisa. Sargaso.
Daga can ta zo, 'yar falle kamar ganye,
kana hango ruwa ta jikinta.
Ba wanda ya taɓa ganin haihuwarsu."

Ya goge hannu a wando.
Kawu Ivo yana Ajantina tun kafin a haife ni,
ko wasiƙa.
Ban ƙara tambaya ba.
Muka ci gaba da cika kwando.